Tiyar Iska

Ni ke ɗura gas a Tudun Wadar Gusau,
gefen titi, inda rana ke dafa kwalta.
Sikeli a gabana, tiyo a hannu,
hancina ya daina jin warin tun bara.

Yau Inna Tumba ta kawo tukunyarta,
'yar ƙarama, mai tsatsa a gindi.
Ta ce, "Kilo guda, tsakani da Allah.
Wanga abu da ido bai gani,
ƙaƙa kake auna shi kamar gero?"

Gero!
Sai ga Malam Mainasara a idona,
alli har gwiwar hannu,
ranar da ya shigo aji da tiyar gidansu a cike.
Ya ce, "Wa zai ƙirga min ƙwayoyin nan?"
Muka yi tsit, har ƙuda ana ji.
Ya ce, "Ba mai ƙirgawa, awo ake yi.
Haka aka yi wa ƙwayar zarra,
aka sassaƙa mata ma'auninta, aka ce mol:
shida a gaba,
lambobi ashirin da uku na bin ta
kamar shanu a burtali."

Ya ce, "Iska kuwa, kowace iri,
mai nauyi, marar nauyi, mai ci da wuta, mai kashe ta,
mol guda ɗaki guda take nema:
lita ashirin da biyu da ɗigo huɗu.
Amma da sharaɗi.
Sanyi ya tsaya kan sifili, inda ruwa ke sandarewa,
matsi ya zama na bakin teku."

Ɗanbuzu ya ɗaga hannu daga bencin baya:
"Malam, yaushe Gusau ta ga sifili?
Mu da ko teku sai a taswira."
Aji ya kwashe.
Malam bai yi fushi ba, ya goge hannu a riga.
Ya ce, "Ba ta taɓa gani ba, ba kuma za ta gani ba.
Ma'auni ba gari ba ne da ake zama,
wuri ne da ake komawa in gardama ta tashi."

Na faɗi jarrabawar shekarar.
Inda ake rabawa na ninka,
na samu iskar da ta fi Zamfara girma,
na ja mata layi biyu, na miƙa takarda.

Yau dai na juya bayan rasit.
Giram dubu. In butan ce zalla,
hamsin da takwas ke cika mol guda.
Na raba, wannan karon na raba.
Sha bakwai da 'yan kai.
Na ninka da lambar Malam,
hannuna na rawa kamar ana tsaye a kaina:
lita ɗari uku da tamanin da shida.

Na ce, "Inna, jarka sha biyar ce da ɗoriya
aka matse ta har ta zama ruwa,
za ki ɗora a ka ki tsallaka titi.
A zafin nan namu ma, in ta samu sarari,
sai ta fi haka kumbura."

Ta ɗaga tukunyar, ta girgiza, ta kasa kunne.
Ta ce, "Jarka sha biyar,
amma kwana tara take yi min?"
Ta biya, ta riƙe naira hamsin, ta ce ta ciniki ce.

Malam kan zo ran Alhamis,
tukunya ɗaure a bayan tsohon babur.
Gemu ya yi fari, bai tuna sunana ba,
"ɗan samari" yake ce min.
Ba ya ɗora tukunya sai ya leƙa sikeli,
ya ga allura ta kwanta kan sifili.

Ban taɓa gaya masa ba
cewa nan kaɗai Gusau ke ganin sa.